Baƙon haki a filin kiwo: a san shi, a cire shi tun bai zuba ɗiya ba

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore, kowa yana murna. Amma ba kowane kore ne abincin bisashe ba. A garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Doso, za ka ga burtali cike da haki har gwiwa. Shanu su ratsa shi ba su sunkuya ba. Su fita da yunwa, su faɗa gonar da ke gefe. Daga nan sai rigima tsakanin mai gona da mai shanu.

Hakin da ya ci burtali bai zo rana ɗaya ba. Da farko gindi biyu ne ko uku a bakin hanya. Ba wanda ya san shi, ba wanda ya kula da shi. Bayan ƴan shekaru ya kori ciyawar kirki, ya zama shi ne mai wurin. Don haka za mu yi bayani a kan abu uku: yadda ake gane hakin da ba a sani ba, yadda ake cire shi, da abin da ake shukawa a gurbinsa.

Daga ina baƙon haki yake zuwa?

Haki ba ya da ƙafa, amma yana tafiya. Ɗiyansa suna maƙalewa a gashin tumaki da wutsiyar shanu. Wasu bisashe ke haɗiyewa, su kasayar da su a wani gari. Wasu suna zuwa cikin irin da aka saya a kasuwa. Wasu suna zuwa cikin harawa da ciyawar da ake kawowa daga nesa lokacin rani. Ruwan korama yana kwasar wasu, iska tana kwasar wasu. Ƙafar mota da ta amalanke ma suna ɗauka.

Ku dubi kashin yawo. Asalinsa daga ƙasashen Amurka ne, can ƙetaren teku. Da can baƙo ne a ƙasar Hausa. Yau ba yaron da bai san ƙayarsa ba. Haka kowane baƙon haki yake zama ɗan gari in an bar shi.

Abu biyar da ake dubawa

In ka ga hakin da ba ka sani ba a filin kiwo, ko a gona, ko a garka, kada ka sare shi ka wuce. Ka sa dagi ka tono shi duka, ka dubi abu biyar.

1. Saiwa. Guda ce mai nitsewa ƙasa kamar turke? Ko ƙanana ne da yawa kamar gemu? Tana da ƙwaya kamar aya? Tana yaɗo ƙarƙashin ƙasa? Ta manne da saiwar wani tsiro?

2. Kara. Yana tsaye ko yana yaɗo? Mai laushi ne ko mai tauri kamar icce? In an karya shi, yana fid da farin ruwa kamar nono?

3. Ganye. Siriri ne kamar na hatsi, ko mai faɗi kamar na wake? Yana da gashi? Yana da wari?

4. Fure da ɗiya. Wane launi ne furen? Ɗiyan suna da ƙaya? Suna tashi cikin iska?

5. Wuri. A jigawa ya fito ko a fadama? A inuwa ko a sarari? Bisashe suna cinsa ko suna ƙyale shi?

A yi hattara. Kada a ɗanɗana hakin da ba a sani ba. Kada a yanko shi a ba bisashen gida don gwaji. Kun san zaƙami yana da fure mai kyau, amma yana haukata mutum, yana kisa. Hakin da ke fid da farin ruwa, kamar tumfafiya da fataka, kada ruwansa ya shiga ido. A wanke hannu bayan an taɓa shi.

Wa za a tambaya?

A fara da mutanen gari. Tsofaffi sun ga shekaru da yawa. Makiyaya sun taka ƙasashe da yawa, sun san abin da shanu ke ci da abin da ke kumbura musu ciki. Mata masu tsinkar ganye da masu maganin gargajiya sun san sunayen haki ƙwarai.

In duk ba su san shi ba, a kai shi ga malamin gona, ko ma'aikacin kiwo, ko ma'aikacin gandun daji. Kada a kai ganye ɗaya kawai. A kai hakin duka, da saiwa da fure da ɗiya. In hanya da nisa, a shimfiɗa shi tsakanin takardu biyu, a ɗora dutse a kai, ya bushe a miƙe. A rubuta ranar da aka tono shi, da sunan garin, da irin ƙasar. Wanda ke da salula mai hoto ya ɗauki hoton hakin tun yana tsaye.

In abin ya fi ƙarfin malamin gona, ya san inda zai aika. Ƙasarmu tana da ma'aikatar binciken aikin gona da ake kira Inran. An kafa ta a 1975. Tana da cibiya a Tarna kusa da Maraɗi, tana da wata a Kolo kusa da Yamai.

Kowane haki da inda ransa yake

Don me ake wannan wahala ta sanin haki? Don kowane haki da inda ransa yake. Dabarar da ke kashe wani, ita ce ke yaɗa wani. Ga misali uku.

Jiji, wanda wasu ke kira aya-aya, ɗan uwan aya ne. Yana damun masu garka. In ka murza karansa tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku. Ransa yana cikin ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa, a jere kamar tasbaha. In ka sare shi da hauya, ka tsinke jerin, kowace ƙwaya ta tsira. Maganinsa shi ne a juya ƙasa da zurfi lokacin rani, a tsince ƙwayoyin, rana ta ƙone sauran.

Ƙuduji, wanda ake kira gaugai ko wuta-wuta, yana manne wa saiwar hatsi da dawa, yana tsotse su tun bai fito sarari ba. Ransa yana cikin irinsa. Irin ƙanana ne kamar ƙura. Gindi ɗaya yana zuba dubbai, kuma suna iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Maganinsa shi ne a tuge shi kafin ya yi ɗiya, a sa taki, a riƙa sauya shuka da gujiya ko riɗi.

Na uku shi ne garmani. Shi ne ya fi cin burtali da filin kiwo a kudancin ƙasarmu. A kansa za mu tsaya.

Yadda ake gane garmani

Masana suna kiransa Sida kordifoliya. Danginsu ɗaya da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da auduga. Akwai garuruwan da ya riga ya cika. Akwai waɗanda yanzu yake shiga, mutane ba su gane shi ba tukuna. Ga kamanninsa:

Yana tsaye da rassa, yana kai gwiwa, wani ya kai ƙugun mutum.

Kara da ganye duk suna da gashi mai laushi. In ka shafa, kamar karammiski. Gashin ne ke sa korensa ya yi fari-fari.

Ganyen yana da faɗi a gindi, da tsini a kai. Bakinsa kamar haƙoran zarto.

Furen ƙarami ne, ruwan ɗorawa, mai kunne biyar, kamar ƙaramin furen kuɓewa.

In ɗan ya bushe, yana rabewa kashi-kashi, wajen goma. Kowane kashi yana da ƙwaya ɗaya da ƴan ƙayoyi biyu. Da su yake kama gashin bisashe da tufafin mutane.

Saiwar guda ce, mai tauri, mai nitsewa. Ɓawon karan yana da zare mai ƙarfi, shi ya sa yake da wuyar tsinkewa da hannu.

Don me garmani yake rinjayar ciyawa?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan farin 1973 da na 1984, ciyawar kirki ta ragu a wurare da yawa. Mutane sun ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, filin kiwo ya matse. Bisashe da yawa suka taru a wuri kaɗan.

Bisashe suna zaɓe. Suna cin komayya, da ƙyasuwa, da gadagi, da marak tun ba su yi iri ba. Garmani kuwa ba su son shi, sai yunwa ta matsa suke ɗan taɓa shi. Kowace shekara ciyawar kirki tana rasa irinta, garmani yana zuba nasa. Yana tsira da ruwan farko, ganyensa ya rufe ƙasa, ya hana ƴan ciyayi rana. Saiwarsa tana shan ruwa a zurfi, don haka in ruwa ya ɗauke kwana goma, bai damu ba.

Mu yi lissafi. Ɗa guda yana da ƙwaya wajen 10. Mu ce gindi ɗaya ya yi ɗiya 50. Ƙwaya 500 ke nan. Gindi 20 a bakin hanya za su zuba ƙwaya 10.000. Kuma ƙwayar tana da ɓawo mai tauri. Ba duka ke tsira shekara guda ba. Wasu suna kwance cikin ƙasa sai baɗi, wasu sai shekarar da ke biye.

Wannan lissafi yana koya mana abu biyu. Na ɗaya, a cire shi kafin ya zuba ɗiya. Na biyu, aikin shekara guda ba ya isa.

Lokacin cire shi

Lokaci mafi kyau shi ne watan Yuli da farkon Agusta, kafin ya yi fure. A fita washegarin ruwa, ƙasa tana da laushi. A lokacin nan ƙaramin garmani yana fitowa da saiwarsa in an ja shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babba kuwa a sa hauya ko dagi, a sare saiwar can cikin ƙasa. In an sare karan daga sama kawai, gindin yana sake toho da rassa da yawa.

A koma wurin bayan mako uku, a cire waɗanda suka tsira daga baya.

A fara daga gefe, inda yake ɗai-ɗai, a nufi inda ya yi yawa. Haka ake hana shi ƙara gaba. A share bakin rijiya, da bakin tabki, da makwantar shanu, don daga nan bisashe ke kwasar ɗiyan.

Mun sani wannan lokacin noma ne, kowa yana gonarsa. Amma filin kiwo na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gari ya ware safiya ɗaya a mako bayan noman farko. A yi gayya, matasa da manya, manoma da makiyaya. A raba filin unguwa-unguwa, kowa ya san rabonsa.

Me za a yi da wanda aka cire?

Wanda bai yi fure ba, a zuba shi cikin ramin taki tare da kashin bisashe da toka. Zai ruɓe ya amfani gona.

Manyan kara suna da amfani. Ana yin igiya da ɓawonsu, ana yin tsintsiya da shinge da karan. A kakkaɓe su a wuri ɗaya kafin a kai gida.

Wanda ya riga ya yi ɗiya, kada a ja shi a ƙasa, kada a sa shi cikin taki. A tara shi a hankali cikin rami, ya bushe, a ƙone shi a nan ranar da ba iska. A share kewayen ramin, a tsaya har wutar ta mutu. Kada a cinna wa filin wuta. Wutar daji tana cinye irin ciyawar kirki da ƴan itatuwa, kuma doka ta hana.

Kada a bar wurin tsirara

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Su cire garmani, su tafi, su bar ƙasa tsirara. Baɗi ya dawo, don irinsa yana nan, irin ciyawa kuwa babu. Dole a mayar wa wurin ciyawarsa.

Aikin yana farawa tun kaka. A watan Oktoba, a je inda ciyawar kirki ta rage, a tara irin komayya, da ƙyasuwa, da gadagi, da marak, da gamba. Har ƙarangiya tana da amfani, don bisashe suna cinta tana ɗanya. Ana zage kan ciyawar da hannu, ko a share ƙasan da irin ya zuba. Kada a share inda akwai garmani. A shanya irin, a zuba a buhu, a rataye shi inda gara da ɓera ba su kai.

In damina ta zauna, a karce ƙasa da hauya, a gauraya irin da yashi da ɗan taki, a watsa, a ja reshen ƙaya a kai don ya rufu. Inda ƙasa ta yi fako, a haƙa rabin wata, bakinsa yana duban inda ruwa ke gangarowa, a shuka a ciki. Gamba ana iya raba gindinta a dasa, tana kuma daɗewa shekara da shekaru.

A wasu wurare an gwada watsa tafasa ko yakuwa inda aka cire garmani, don su yi saurin rufe ƙasa su hana shi rana.

Sabuwar ciyawa tana son hutu har ta zuba iri. Ba a rufe filin duka, don bisashe suna son wurin ci da wurin wucewa. A raba shi kashi biyu ko uku. Bana a huta da kashi ɗaya, baɗi a huta da wani.

Abin da doka ta ce

Kafin a sa hauya, a zauna. Mai gari, da arɗo, da wakilan mata da matasa su yi shawara. A garuruwa da yawa akwai kwamitin kula da filaye da ake kira Kofob. Ya fito ne daga dokar karkara ta 1993. A sa shi cikin maganar, a rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu.

Akwai kuma dokar kiwo ta 2010. Ta ce tafiya da bisashe haƙƙin makiyaya ne. Ta hana toshe burtali, ta hana mai da shi gona. Saboda haka wanda ya cire garmani a burtali bai zama mai wurin ba. An share ne don bisashe su samu abinci. In bisashe sun ƙoshi a burtali, gonar da ke gefe ta tsira.

Maganin feshi fa?

Wasu za su ce, don me ba za a sayo maganin haki a kasuwa a fesa ba? Ku ji dalili.

Akwai maganin da ke kashe duk abin da yake kore. Zai kashe garmani, ya kashe ciyawar da muke nema. Akwai wanda ke kashe masu faɗin ganye kawai. Zai kashe garmani, ya haɗa da gadagi da marak. In iska ta kai shi gona, ya ƙone wake da gujiya. Duka biyun ba su kashe ƙwayar da ke kwance cikin ƙasa.

Filin kiwo wuri ne na bisashe da yara masu kiwo. Ruwan sama yana wanke maganin ya kai tabki. Kuma magani da yawa da ake sayarwa a kasuwa ba su da izini. Akwai wani mai suna Paraquat, wanda ƙasashen Sahel na ƙungiyar Silis suka hana tun 2011. Kurɓi kaɗan yana kashe mutum, kuma ba shi da makari.

Wanda yake ganin sai ya fesa a gonarsa, ya nemi shawarar malamin gona tukuna. Kada a zuba ruwan sha, ko mai, ko nono cikin galan ɗin magani, ko da an wanke shi.

Rigakafi

A tsince irin da aka saya kafin a shuka. A bar taki ya ruɓe sosai cikin rami kafin a kai gona. In an sayo ciyawa daga nesa, a ba bisashe a wuri ɗaya, a riƙa duba wurin da damina. In an sayo tunkiya a kasuwa, a cire ƙayoyin da ke gashinta, a jefa cikin wuta. Duk wanda ya ga baƙon haki ya gaya wa mai gari ranar nan. Gindi uku mutum ɗaya ke cire su kafin rana ta yi zafi. Burtali guda kuwa sai gari duka, shekara uku ko fiye.

Aiki ga ɗaliban yaƙi da jahilci

Ku da kuka iya rubutu da lissafi, ga inda karatunku zai amfani gari. Ku samu littafi guda na filin kiwo. Ku zaɓi wuri uku cikin filin, ku kafa dutse a kowane. A gefen dutsen ku auna taki ɗaya tsawo, taki ɗaya faɗi. Ku ƙidaya garmanin da ke ciki, ku rubuta. Ku rubuta sunayen ciyawar kirki da kuka gani. Ku sake ƙidaya a wurin nan, a watan nan, kowace shekara. Lissafin zai nuna muku ko aiki yana ci.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Wace ciyawa ce tsofaffin garinku suka sani da, wadda yanzu ba a ganinta?

2. Wane haki ne ya shigo garinku cikin shekarun nan? Ta wace hanya ya shigo?

3. Don me ake cire garmani kafin ya yi fure?

4. Ina za ku samu irin ciyawa da kaka, kuma wa zai ajiye shi?

5. Wace rana ce ta fi dacewa da gayya a garinku?

Ku rubuto wa jaridarku amsoshinku, da sunan da ake kiran garmani a wajenku, da dabarar da kuka gwada. Za mu buga su don sauran garuruwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya.